Ragon da Malam Jika Ya Bari

Malam Jika ya rasu ne da kaka, ana tsakiyar ɗaure damman gero. Ya bar ƴaƴa maza biyu, Safiyanu da ƙanensa Abdulmajid, ya kuma bar garken tumakin da babu irinsa a ƙauyen Aduwa Uku, can bakin kwarin Tarka. Balami ne zalla, farare sol, masu dogayen ƙafafu da manyan kunnuwa masu reto. A cikinsu akwai wani rago da ake kira Dogo, wanda idan ya tsaya kusa da jaki sai ka sake dubawa kafin ka san wane ne ya fi tsayi.

Kwana uku kafin cikawarsa tsohon ya kira su biyun, ya sa aka kira ƙanwarsa Gwaggo Ladi ta zama shaida. Ya ba Safiyanu tumaki mata duka, su goma sha takwas. Ya ba Abdulmajid Dogo da gonar da ke bakin kwari. Sannan ya ɗaga yatsa da ƙyar ya ce, "Kada a haɗa Dogo da tumakin gidan nan. Kai Abdulmajid, ka nemo masa tumaki daga waje. Kai Safiyanu, ka nemo rago daga waje."

Bai faɗi dalili ba. Da ma shi ba mutum ne mai faɗin dalili ba, su kuma ba su saba tambayarsa ba.

Duk wanda ya ji rabon nan cewa ya yi Safiyanu ya fi samu. Shi kaɗai ne bai ga haka ba. Shekara ashirin da biyar ya yi yana bin tumakin nan, rani da damina, har ya san kowace da kukanta. Ranar da za a haifi Dogo a karkace ya zo, Safiyanu ne ya zura hannu ya juyo shi, ya share masa hanci da bakin rigarsa. Shi ya ba shi dusa, shi ya ba shi kanwa, shi ya yi jinyarsa lokacin da ƙaya ta ruɓar masa da kofato. Duk wannan lokaci Abdulmajid yana lakwal, wato makarantar boko, daga nan ya wuce kolej a Tanut, ya yi ƴan shekaru ya dawo ba takarda, sai faransanci da iya zance da baƙi. Yanzu kuma shi ne ke jan igiyar Dogo zuwa rijiya, yana gaisawa da mutane da hannu ɗaya.

Safiyanu ya je kasuwar Belbeji ya sayo rago daga hannun wani Buzu. Ja ne mai rodin fari, ƙaƙƙarfa, ba shi da wani aibu. Amma da ya ɗaure shi a turken da Dogo ya saba tsayawa, sai ya ga turken ya yi masa girma.

Da shekara ta zagayo aka yi bikin baje kolin dabbobi a Tanut. Abdulmajid ya wanke Dogo da sabulu, ya ɗora shi a mota ya kai. Dogo ya zo na ɗaya. Aka ba Abdulmajid takardar yabo da buhunan abincin dabbobi, aka ɗauke shi hoto ya dafa ƙahon ragon yana murmushi. Kafin ya iso gida hoton ya riga shi, yana yawo a wayoyin samari. A gindin aduwar da dattawa ke zama, Safiyanu ya ji wani yana cewa, "Kun ga ragon Abdulmajid? Yaron nan ya gaji ubansa."

Ragon Abdulmajid. Safiyanu ya maimaita maganar a ransa. Ya tashi ba sallama ya tafi gida. Matarsa Sakinatu ta kawo masa fura, ya kurɓa sau ɗaya ya ture kwanon.

"Malam, lafiya?"

"Wai ya gaji ubansa. Wane dare ya taɓa kwana a daji da tumaki? Ko ƙarar tunkiya mai naƙuda bai sani ba."

"To ai ƙanenka ne. Yabonsa yabon gidanku ne."

"Ke ma kin koma can ke nan."

Sakinatu ta ɗauki kwanonta ta koma madafa. Ta san mijinta. Ba mugu ba ne, ba ya hana maƙwabci aron gatari ko igiyar guga, amma tun rasuwar tsohon ya zama wani iri. Idan moton Abdulmajid, babur ɗin da yake hawa, ya wuce ƙofar gida, sai ya daina abin da yake yi ya saurara har ƙarar ta ɓace.

Da bazara ta yi tsanani, matar Abdulmajid, Zuhaira, wadda ke da tsohon ciki, ta fara kumburin ƙafa da ciwon kai. Aka ce a kai ta asibiti Damagaram, kuma za a daɗe. Da safen tafiyar Abdulmajid ya jawo Dogo har cikin gidan wansa.

"Yaya, ga amana. Babu wanda zan bar wa shi hankalina ya kwanta sai kai."

Safiyanu ya karɓi igiyar. Ragon ya shinshina hannunsa, ya goga masa goshi a cinya kamar yadda yake yi a da. Wani abu mai daɗi da zafi ya ratsa shi. Da Abdulmajid ya tsaya nan, wataƙila da labarin ya ƙare a nan. Amma ya kai bakin zaure sai ya juyo ya ce, "Sai dai ka tuna maganar Baba, Yaya. A ɗaure shi nesa da tumakin."

"Ni za ka tuna wa maganar Baba?"

"A'a, Yaya, na faɗa ne kawai."

Kwana biyu Dogo yana ɗaure a bayan rumbu. Safiyanu na zuwa ya tsaya kansa, ya dubi faɗin ƙirjinsa, ya juya ya dubi jan ragonsa. A ransa yana ta juya maganar tsohon. Me ya sa aka hana shi? Ya duba gabas ya duba yamma, amsa ɗaya ya samu: Baba ya so sunan gidan ya bi Abdulmajid, shi kuma a bar shi da aikin wahala. A rana ta uku da hantsi ya kwance jan ragon ya kai shi bayan rumbu, ya saki Dogo cikin tumaki.

Sakinatu na tankaɗe a tsakar gida. Ta ajiye rariya ta ce, "Malam, wasiyya ce fa."

"Ni na raini ragon nan. Ba zan roƙi kowa jininsa ba."

Sati huɗu Dogo ya yi cikin garken. Ranar da aka bugo waya cewa Zuhaira ta sauka lafiya, ta samu ƴa mace, suna kan hanyar dawowa, Safiyanu ya mayar da shi bayan rumbu, ya share wurin tas. Abdulmajid ya zo ya karɓi ragonsa, ya yi godiya har da kawo wa wansa hula daga Damagaram. Ya ce ya ga Dogo ya ɗan faɗa. Safiyanu ya ce zafin bana ne.

Damina ta yi kyau a shekarar. Ciyawa ta rufe kwari, tumakin Safiyanu suka yi ɓul-ɓul, cikkuna suka fito. Da kaka suka fara haihuwa. Ƴan tumakin na faɗowa farare, dogaye, kunnuwa har wuya. Safiyanu ya riƙa tashi tun asuba ya zauna bakin garke yana kallonsu, dariya na kuɓuce masa shi kaɗai. Ya riga ya ga kansa a Tanut baɗi, ya dafa ƙahon ɗayansu. Maƙwabcinsa ya leƙo ta kan danga ya ce, "Ikon Allah, jan rago da fararen ƴaƴa haka?" Safiyanu ya ce iyayensu mata suka biyo.

Na tara da aka haifa shi ne ya fara ba shi tsoro. Uwar ta lashe shi, ya yunƙura zai tashi kamar kowane ɗan tunkiya, sai kansa ya shiga kaɗawa. Jikinsa duka ya ɗauki ɓari. Ya ware ƙafafu huɗu, ya tsaya da ƙyar, ya miƙa baki wajen nono, bakin ya wuce gefe, ya kife. Ya sake tashi ya sake kifewa. Idan ya kwanta shiru sai rawar ta lafa, ka rantse lafiyarsa ƙalau, ido garau, kunne na motsi. Da zarar ya nufi wani abu sai ta dawo.

Safiyanu ya ce sanyin safiya ne, ya sa shi a rana. Bai daina ba. Bayan kwana huɗu wata tunkiyar ta haifi tagwaye, ɗaya lafiyayye, ɗaya mai irin wannan rawa. Kafin haihuwa ta ƙare sun zama uku cikin goma sha tara.

Ya gwada abin da ya sani. Ya jiƙa jar kanwa ya ɗura musu. Ya turara garken da sassaƙe. Ya karɓo rubutu wajen limamin ƙauye ya shafa musu a ka. Da duk bai yi ba, sai zuciyarsa ta kai shi inda ta saba kai shi.

"Baki ne," ya ce wa Sakinatu. "Ranar da ya zo barka da haihuwar tumakin, kin ga irin kallon da ya yi musu? Ya ga sun fi nasa."

"Malam, ka ji tsoron Allah. Yaron nan har da dusa ya kawo maka."

Ita ce ta samo kwalba da kan roba, tana tatso iyayen tana ba su. Ta kan riƙe kan ɗan tunkiyar tsakanin gwiwoyinta don ya daina kaɗawa, sannan ya sha kamar mai jin yunwar kwana uku. Duk da haka ɗaya ya shaƙe da nono ya mutu. Na biyu ya faɗa kwamin ruwa da rana tsaka, ba a gani ba sai da aka zo ban ruwa. Saura ɗaya, mace, ƴar tagwayen nan.

A satin ne ma'aikatan kiwo suka zo daga Belbeji yin rigakafi. Shugabarsu wata mata ce, Madam Radiya, gajeriya mai tabarau, wadda makiyayan yankin suka daɗe da sani. Tana cikin yi wa garken Safiyanu allura ta hango ƴar tunkiyar a gindin danga tana ƙoƙarin tashi. Ta miƙa wa abokin aikinta allurar, ta je ta tsuguna. Ta sa mata ma'aunin zafi, ta buɗe idonta, ta shafa gashin bayanta, ta lalluba ƙoƙon kanta. Ta tsayar da ita ta saki, ta kalli yadda take ware ƙafafu.

"Malam Safiyanu, tun yaushe?"

"Tun ranar haihuwa."

"Ita kaɗai?"

"Su uku ne. Biyu sun mutu."

"Iyayen sun yi ciwo da ciki? An yi ɓari a garken? Sun yi yunwa?"

"Ko ɗaya. Kin ga dai yadda suke."

Ta miƙe ta kaɗe zanenta. "Wane rago ne ubansu?"

Safiyanu ya nuna jan ragon da haɓa. Madam Radiya ta dubi jan ragon, ta dubi fararen ƴan tumakin da ke tsalle a garke, ta dawo da idonta kan Safiyanu ta saman tabarau.

"Dogo ne," ya ce, murya ƙasa.

"Ragon ƙanenka. Su kuma tumakin nan?"

"Wasu ƙannensa ne, wasu ƴaƴansa."

Ta gyaɗa kai. "Ba ni da abin gwada jini a nan, don haka ba zan rantse maka ba. Amma ba zazzaɓi, ba tsutsar kai ba ce, ba yunwa ba ce, kuma ga yadda suke da juna. Abin da na fi zato, gado ne. A ƙeyar kowace dabba akwai wani ɓangare na ƙwaƙwalwa da ke daidaita tafiya da tsayuwa. Nata bai ginu daidai ba tun a ciki. Irin wannan aibu yana kwanciya a jini. Rago na iya ɗauke da shi ya rayu lafiya, ya fi kowa kyau. Tunkiya ma haka. Sai ranar da mai ɗauke da shi ya hau mai ɗauke da shi, kowa ya ba ɗan nasa kason, sannan ya fito fili. Shi ya sa ya fi fitowa idan jini ɗaya ya yi ta komawa kan kansa."

"Akwai allurarsa?"

"Babu. Wannan idan an kula da ita tana iya rayuwa, ta koyi tafiya irin tata. Amma kada ta haihu. Iyayen ukun nan ma ka san da su. Dogo kuma..." Ta ɗan tsaya. "Na ji ana maganar mutanen poroje, masu shirin tallafa wa makiyaya, suna son sa, za su riƙa zagayawa da shi ƙauyuka yana hawan tumakin ƙungiyoyin mata. Rabin tumakin yankin nan jikokin ragunan mahaifinku ne. Ka gaya wa ƙanenka. Idan ba ka faɗa ba ni zan faɗa in na dawo sati mai zuwa, amma ya fi kyau ya ji daga bakinka, a cikin gida."

Da la'asar Safiyanu ya tafi ɗakin Gwaggo Ladi. Ya same ta tana ɓarar gyaɗa. Ya gaya mata komai, bai ɓoye ba. Tsohuwar ta ture ƙwaryar da ke gabanta gefe.

"Ashe ka haɗa su," ta ce. "Ubanku ya taɓa gani. Shekarar da ka tafi da rabin garke arewa neman ciyawa, an haifi biyu masu wannan rawa. Ya yanka su a bayan gida, ya ce in na faɗa bai yafe ba. Sunansa yake tsoro. Mutum ya yi shekara arba'in ana cewa babu jini irin na tumakinsa, ka ce ya fito ya ce jinin ya gaji? Shi ya sa ya raba su. Ya ce da ni, tumakin sai Safiyanu, shi ya san su, ba za su lalace a hannunsa ba. Ragon kuwa ɗaya ne, ko Abdulmajid zai iya da shi."

Wani da ya ji wannan magana da ya samu sanyi a ransa. Safiyanu ma ya samu, amma na ɗan lokaci. Kafin ya kai ƙofar gidansa wani tunani ya riga ya danne shi: ashe ragon da ake yi wa hoto, ragon da aka ba takarda a Tanut, ruɓaɓɓe ne a ciki. Kuma duk duniya shi ne ke da shaidar a hannu.

Gidan Abdulmajid taku kaɗan ne daga nasa. Kwana uku yana wucewa ta ƙofar, suna gaisawa, yana tambayar lafiyar jaririya. Sau ɗaya har Abdulmajid da kansa ya ɗauko zancen. "Yaya, ran kasuwar Belbeji mutanen poroje za su zo ganin Dogo. Ka sa mana albarka." Safiyanu ya ce Allah ya sa alheri.

Ran kasuwa da sassafe ya naɗe ƴar tunkiyar a tsohon buhu. Sakinatu ta tare shi a zaure.

"Ina za ka kai ta?"

"Kasuwa."

"Wa zai saye ta? Malam, ga gidansa nan. Bai tafi ba tukuna, ina jin ƙarar motonsa. Ka shiga ka gaya masa."

Ya raɓa ta gefenta ya fita.

Kasuwar dabbobi ta cika maƙil. Fulani da Buzaye da dillalai, raƙuma a gefe guda, ƙura da kukan awaki. Bai sha wahalar gano wurin ba, don inda mutane suka fi taruwa nan Dogo yake. Abdulmajid na tsaye cikin farar riga, kusa da shi wani mutum mai hular poroje da ake kira Malam Idris yana buɗe bakin ragon yana duba haƙora. Ana ta "Masha Allah, tubarkalla." Safiyanu ya kutsa ya shiga tsakiya, ya kwance buhun, ya ajiye ƴar tunkiyar a gaban Dogo.

Ta ware ƙafafu. Kanta ya shiga kaɗawa, jikinta na ɓari kamar an tsamo ta daga ruwan sanyi. Ta yi taku biyu a karkace ta kife a kan hancinta. Ta yi kuka, ta yunƙura, ta sake faɗuwa.

"Ga ƴar Dogo," Safiyanu ya ce da ƙarfi, yadda na baya ma za su ji. "Su uku ya haifa mini haka. Likitar dabbobi ta gani, ta ce a jininsa yake. Ku duba da kyau kafin ku kai wa matan mutane."

Ya ɗaga ido ya dubi ƙanensa, yana jiran abin da ya kwana uku yana jira. Fuskar Abdulmajid ta canza. Ya dubi ƴar tunkiyar, ya dubi wansa.

"Yaya, yaushe Dogo ya hau tumakinka?"

Wannan tambaya Safiyanu ya san za ta zo, amma bai taɓa jin nauyinta ba sai da ta fito a gaban mutane.

"Lokacin da kake Damagaram."

Wani dattijo a gefe ya ce, "Subhanallahi. Amanar da aka bar masa." Gunaguni ya bi taron. Safiyanu ya ji idanu sun bar ragon sun dawo kansa.

Abdulmajid ya sunkuya ya ɗauki ƴar tunkiyar, ya rungume ta a jikin farar rigarsa har rawar ta lafa. Sannan ya juya wajen Malam Idris.

"Ku yi haƙuri, ba zan ba ku shi ba. Mahaifinmu ya hana a haɗa shi da tumakin gidanmu, ban san dalili ba sai yau. Da Yaya bai kawo ta ba, da mun ɓata wa bayin Allah tumakinsu." Ya miƙa wa Safiyanu ita da hannu biyu. "Na gode, Yaya."

Da zaginsa ya yi, da Safiyanu ya san abin da zai mayar. Ya karɓi ƴar tunkiyar ya cusa a buhu, ya fita daga taron, ba wanda ya matsa masa hanya da sauri.

Abin da ya biyo baya bai zo yadda ya tsara ba. Madam Radiya ta dawo ta tabbatar wa Abdulmajid abin da take zato. A satin nan ya sa aka dandaƙe Dogo, ya ce zai turke shi sai layya. Bai tsaya nan ba. Ya hau motonsa ya bi duk wanda ya taɓa sayen ɗan rago daga hannunsa, har Falanko, yana gaya musu kada su haɗa shi da dangin tumakin Jika. Labari ya bazu cewa a Aduwa Uku akwai yaron da ya dandaƙe ragon da ya ci gasar Tanut don kada ya cuci mutane. Liman ya ambace shi bayan sallar Juma'a. Mutanen poroje suka ce irinsa suke nema, suka ɗora shi a kan harkar ragunansu na ƙauyuka bakwai.

Shi kuwa Safiyanu, sai da ya kai fararen ƴan ragunansa kasuwa ya gane cewa ba Dogo kaɗai ya tona ba. Mai neman na kiwo zai zo ya shafa bayansu, ya yaba, dillali ya raɗa masa wani abu a kunne, sai ya saki ya wuce. Mahauta kaɗai suka taya. Ya dawo gida da rabinsu.

Ƴar tunkiyar ta rayu. Ta koyi tafiya da ƙafafu a ware, tana tangaɗi kamar mai ɗauke da tulu a ka, ta kan bi Sakinatu har madafa. Safiyanu ba ya son kallonta, amma shi ya sassaƙa mata ƙaramin kwami marar zurfi don kada ta faɗa.

Wata biyu ba su yi doguwar magana da ƙanensa ba, sai gaisuwa. Wata safiya Abdulmajid ya yi sallama ya shigo, ya tsuguna nesa kaɗan kamar yadda ya saba.

"Yaya, taimako na zo nema. An ce in sayo raguna biyu a Tanut, na jinin waje. Ni in na ga rago fari babba, shi ke nan ya burge ni. Ban san abin da ake dubawa ba. Kai ka sani."

Safiyanu ya so ya ce yana da aiki. Ya buɗe baki ya ji kansa yana tambaya, "Yaushe?"

A kasuwar Tanut ya yi abin da ya iya. Ya wuce manyan da Abdulmajid ke nunawa. Ya sa aka zagaya da wani rago a gabansa sau uku, ya ce yana jan ƙafar baya. Wani ya duba idonsa ya ce a bar shi. Ya tsaya wajen wani Bafulatani da ya zo daga nesa, ya tambaye shi uwar ragon, da uban, da ko an taɓa haihuwar mai rawar jiki a garkensu. Sai bayan azahar ya nuna biyu ya ce, "Waɗannan."

Malam Idris ya zo ya duba su, ya zagaya, ya buga tafi. Ya kama hannun Abdulmajid yana girgizawa. "Kai, Abdulmajid, kana da ido! Wallahi ba mu yi kuskuren zaɓenka ba."

"Ba ni ba ne, Yayana ne ya..."

Amma Malam Idris ya riga ya juya yana kiran direba ya matso da mota. Aka buɗe baya aka tura ragunan. Gaban motar mutum biyu yake ɗauka bayan direba, Malam Idris ya shiga, ya jawo Abdulmajid. Abdulmajid ya fito da ƙafa ɗaya yana cewa, "Yaya, zo ka zauna nan, ni in hau baya."

"Zauna," Safiyanu ya ce. "Wani zai riƙe su, kada su karye a hanya."

Ya hau baya, ya naɗe igiyoyin biyu a hannunsa, ya tokare ƙafa da ƙarfen motar. Suka kama hanyar Belbeji. Ta gilashin baya yana ganin ƙeyar ƙanensa da ta Malam Idris, suna magana, suna dariya, ba ya jin abin da suke cewa. Ya kawar da kai ya dubi gonaki. Bayan ɗan lokaci ya sake juyowa ya duba.